Ƙanina ya ci laimar kwaɗi mai sa maye, Umma kuma na zaton gamo ya yi

Assalamu alaikum Anti. Ni ce babba a ɗakinmu, ina aure a nan cikin Kaduna. Ƙanina ɗan shekara 22 ne, yana karatu a wata jami'a, yaro mai natsuwa, ko sigari ban taɓa ganinsa da ita ba. Tun da amininsa ya rasu a hatsarin mota bara ya canza, ya daina shiga mutane, karatun ma ya ja baya. Mako uku da suka wuce ya shigo gida da dare jikinsa na rawa, ya yi amai, yana cewa bangon ɗaki na numfashi, fuskar Umma na narkewa, yana kuka yana cewa shi ya riga ya mutu. Sai wajen asuba abin ya lafa. Umma ta ce gamo ya yi, tun daga ranar malam ke zuwa ruƙiyya. Bayan kwana biyu ya same ni a gidana, sai da ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, sannan ya ce wata busasshiyar laimar kwaɗi ce abokansa suka ba shi ya ci. Sun ce masa ba ƙwaya ba ce, tsiro ne, Turawa ma da ita suke maganin damuwa. Wannan ne karo na biyu da ya ci. Har yanzu ba ya samun barci sosai, yana yawan firgita, wani lokacin ya ce ji yake kamar a mafarki yake rayuwa. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, ƙanin Umma ya yi fama da taɓin hankali tun yana saurayi. Baba kuma mai zafi ne, ga hawan jini, na san in ya ji gidan mari zai kai shi. In na yi shiru ina tsoron abin da zai biyo baya, in na faɗa na ci amana. Ki ba ni shawara don Allah.

Daga wata 'yar uwa, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne duk gidan nan ke yaron ya zaɓa ya faɗa wa gaskiya. Ki duba fa, an riga an ɗora wa aljanu laifi, ya samu mafaka ba tare da ya nema ba, da yana son ci gaba da abinsa sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Amma ya tako har gidanki ya tona kansa. Tsoro ne ya kawo shi, yana neman wanda zai riƙe shi. A kan wannan zan gina duk abin da zan faɗa miki.

Bari mu fara da abin da ya ci, domin in ba ki san shi ba abokansa za su fi ki baki. Laimar kwaɗi iri-iri ce. Akwai wadda wasu ƙabilun ƙasar nan ke miya da ita lafiya lau, akwai mai dafi wadda ke kisa, akwai kuma wasu nau'o'i sama da 100 masu ɗauke da wani sinadari da ake kira silosaibin. In ya shiga jiki sai ya rikiɗe ya koma silosin, wanda ƙirarsa ta yi kama da sirotonin, ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su a kan barci da yanayin zuciya da yadda muke fahimtar abin da ido ya gani ko kunne ya ji. Sai ya je ya zauna a gurbin da ba nasa ba, saƙonni su cakuɗe. Yawanci yakan fara aiki cikin minti 20 zuwa 40, ya ɗauki awa 4 zuwa 6 kafin ya saki mutum. Tashin zuciya da amai, rawar jiki, gumi, buɗewar ƙwayar ido, bugun zuciya da sauri, hawan jini ya ɗaga, sannan gane-gane: bango na motsi, fuskoki na sauya kama, minti ɗaya ya zama kamar shekara. Ki auna wannan da daren da kika ba ni labari, daga shigowarsa har asuba, za ki ga sun yi daidai.

Shi kuma wannan abu ba ya zuwa da nasa labarin, abin da ya tarar a zuciyar mutum shi yake hurawa ya kumbura. Wanda ya ci yana ɗauke da baƙin ciki da tunanin mutuwar amininsa, ba abin mamaki ba ne ya ga tasa mutuwar. Ƙarfinsa ma ba ya da ma'auni. Guda biyu daga leda ɗaya na iya bambanta nesa ba kusa ba, shi ya sa karo na farko ya wuce salin-alin, na biyu ya kusa zauta shi.

Yanzu maganar da abokansa suka yi masa, cewa Turawa na magani da ita. Kada ki ce masa ƙarya ce zalla, domin zai buɗe waya ya nuna miki, daga nan kuma ya daina yarda da sauran maganarki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 1958 wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwizalan, Albert Hofmann, ya ware wannan sinadari daga wata laimar kwaɗi mai asali daga Meziko. A 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a rukunin sinadaran da aka fi tsananta wa doka. Daga baya jami'o'i irin su Johns Hopkins a Amurka da Imperial College a Landan suka koma bincike a kansa don masu ciwon damuwa mai tsanani, har ƙasar Ostireliya ta ba wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da shi daga watan Yulin 2023, ga waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu. To amma ki ji yadda ake yi. Sinadari ne tatacce da aka auna, ana bincikar lafiyar mutum da tarihin danginsa kafin a karɓe shi, a shirya shi da zaman tattaunawa, ranar da zai sha ƙwararru na zaune tare da shi a ɗaki tun daga farko har ƙarshe, bayan nan a ci gaba da bibiyarsa. Kuma cikin waɗanda ake cirewa tun a bakin ƙofa akwai mai tarihin taɓin hankali, shi kansa ko a danginsa na kusa. Wato da ƙaninki zai je Landan da ƙafarsa ya nemi shiga wannan bincike, maganar kawunku kaɗai ta isa ta sa likitocin su tsaya su yi dogon nazari a kansa, mai yiwuwa ma su ba shi haƙuri. Abin da su ke kaffa-kaffa da shi a cikin asibiti, shi abokai suka miƙa masa a leda.

Batun “tsiro ne” kuwa, ai zaƙami ma tsiro ne, ba a banza Bahaushe ya sa masa suna haukata-yaro ba. Wiwi ma daga ƙasa take fitowa. A addinance ma'aunin ba daga ina abu ya fito ba ne, hadisi ya inganta cewa duk abin da ke sa maye haramun ne.

Zan yi masa adalci a wuri ɗaya, kuma albishir ne gare ki. Wannan abu ba ya kama jiki irin kamun taramol ko kodin, inda in mutum ya daina sai ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi da gudawa su taso masa. Zai iya barinsa yau ba tare da jikinsa ya nema ba. Haɗarinsa a wasu wurare yake. Akwai abin da mutum kan aikata yana cikin halin, ya faɗa titi, ya diro daga bene, ya hau babur, saboda abin da yake gani ba shi ne a gabansa ba. A watan Oktoban 2023 wani matuƙin jirgin sama a Amurka, wanda ba ya bakin aiki a ranar amma yana zaune a ɗakin matuƙa, ya yi yunƙurin kashe injinan jirgi a sararin sama, Allah ya sa aka riƙe shi. Daga baya ya shaida wa 'yan sanda cewa kwana biyu kafin nan ya ci irin wannan laimar kwaɗi, bai samu barci ba, ji yake a mafarki yake yana son ya farka. Shi ma rasuwar amininsa ce ke cin sa. Da na karanta wasiƙarki labarin nan ne ya fara faɗo mini.

Akwai kuma haɗarin dafi. Busasshiyar laimar kwaɗi a leda, ko masana sai sun yi da gaske suke bambance mai sa maye da mai kisa, balle ɗalibin da ya karɓa daga hannun wanda shi ma karɓa ya yi. Masu dafin da ke lalata hanta suna da yaudara: mutum zai yi awa 6 zuwa 24 lafiya ƙalau, sannan amai da gudawa su ɓarke, su lafa kamar an warke, a kwana na uku ko na huɗu hanta ta fara gazawa. Dafawa ko shanyawa ba sa kashe wannan dafi. Tun da mako uku sun wuce, da alama Allah ya tsallakar da shi wannan, amma ki sa likita ya yi masa gwajin hanta don hankali ya kwanta.

Wanda ya fi damuna shi ne na ƙwaƙwalwa, kuma a nan nake so ki tattara hankalinki. Sinadarin ba ya daɗewa a jiki, cikin kwana ɗaya yawancinsa ya fita. Saboda haka rashin barci da firgita da jin kamar a mafarki yake, mako uku bayan nan, ba maye ba ne. Zai iya zama tsoron daren nan ne bai sake shi ba, wanda yakan faru kuma yakan wuce in an samu kulawa. Zai iya zama ciwon damuwar da yake ɗauke da shi tun rasuwar abokinsa ne ya fito fili. Zai iya kuma zama farkon irin lalurar kawunku, domin ga wanda ke da ita a jini, irin waɗannan sinadarai na iya tayar da abin da ke kwance, kuma shekarunsa su ne daidai shekarun da ta fi bayyana ga maza. Ba ni da ikon in ce miki wanne ne daga wasiƙa, malam ma ba zai iya ba, ke ma haka. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai zauna da shi ya tantance. Ku mutanen Kaduna kun yi sa'a, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yana nan Barnawa, suna da sashen masu matsalar shaye-shaye, ga kuma Asibitin Koyarwa na Barau Dikko in sunan Barnawa zai firgita shi a karon farko. A cikin makon nan nake so a je, kada a ce sai bayan jarrabawa ko sai an ga yadda hali ya yi. In lalurar ce, kama ta da wuri na sauya yadda rayuwarsa za ta kasance. In ba ita ba ce, kin sauke dutse daga ƙirjinki da nasa. Kuma a gaban likita a faɗi komai, abin da ya ci, sau nawa, ko ya haɗa da wiwi ko wata ƙwaya, da labarin kawu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai alamomin da in kin gani ba a jiran gobe: ya fara jin muryoyi, ko ya ce ana bin sa ko an sa masa guba a abinci, ko ya kwana biyu ido biyu, ko idanunsa su yi ɗorawa, ko ya ambaci gajiya da rayuwa. Wannan na ƙarshen ma kada ki jira ya ambata. Ki tambaye shi kai tsaye, cikin taushi, ko tunanin kashe kansa na zo masa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ita ke ba shi damar sauke abin da ya kasa furtawa.

Sai rantsuwarki. Na fahimci nauyinta a zuciyarki, kuma hakan alamar kirki ce. Amma addini bai bar ki a ɗaure ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da cewa wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata wanda ya fi alherin ya yi kaffara: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Ki tambayi malamin da kika amince da shi ya ƙara miki bayani. Sai dai ban so ki fara da karya ta a bayan idonsa. In ya wayi gari ya ji maganar a bakin Umma, ƙofar da ya buɗe miki ce za ta rufe, alhali ita kaɗai ce a buɗe yanzu. Ki kira shi gidanki, ku biyu, bayan ya ci abinci. Ki ce masa: “Ka ba ni amana, kuma ina riƙe da ita, amma amanar lafiyarka ta fi ta bakinka nauyi a wurina. Ni kaɗai ba zan iya ba. Zaɓi ɗaya: mu je wurin likita ni da kai tukuna, ko mu fara zama da Umma, ka faɗa da bakinka ina gefenka.” Kin ga kin bar masa zaɓin hanya, ba ki bar masa zaɓin zama haka ba. Ina kyautata zaton zai zaɓi likita, kuma hakan ya fi, domin zuwa wa Umma da magana bayan an riga an fara magani ya fi sauƙi a kan zuwa mata da tsoro tsirara. In ya ƙi duka biyun, ki faɗa masa a fuskarsa cewa ranar kaza za ki sanar da Umma, kuma ki cika. Zai yi fushi. Fushin ɗan uwa yana hucewa.

Maigidanki ma ya kamata ya san wani abu, ko don fita da kuɗin asibiti. Ki faɗa wa ƙanin naki tun farko cewa za ki sanar da shi, kuma ki tsaya a kan iya abin da ya zama dole.

Umma kuwa a tausaya mata. Mace ce da ta ga ƙaninta ya zauce a gabanta, yanzu ga ɗanta yana sambatu cikin dare. Cewa aljanu ne ya fi mata sauƙin ɗauka a kan ɗaya tunanin da na tabbata yana zuwa mata in ta kwanta. Kada ki je mata da cewa ta yi kuskure. Karatun Alƙur'ani da addu'a su ci gaba, ba sa karo da asibiti, wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani. Abin da za ki tsaya a kai shi ne kada a yi masa duka da sunan fitar da aljani, kada a turnuƙe shi da hayaƙi, kada a ɗura masa jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, domin ƙwaƙwalwar da ke neman daidaituwa ba ta buƙatar ƙarin wani abu mai juya ta. Kuma in Umma ta san gaskiya, ita ce za ta fi kowa sa ido a kan barcinsa da cin abincinsa, abin da ke daga gidan aurenki ba za ki iya ba.

Baba yana da haƙƙin ya sani, ɗansa ne, kuma in ya ji a waje ciwon zai fi. Amma lokaci da bakin da zai faɗa masa su ne abin dubawa. A bari sai an ga likita, sannan a nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko limamin unguwa, a fara masa da cewa yaron ba shi da lafiya kuma yana karɓar magani, sauran bayani ya biyo a hankali. Zafin irin su Baba yawanci tsoron abin kunya ne da tsoron lalacewar ɗa, in ya ga an riga an kama hanya yakan sauko. Gidan mari dai ki yi duk iya yinki kada a kai shi. Mutanen garin nan ba su manta da watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. Iyayensu gyara suka kai su nema. Yaron da ke firgita cikin dare in aka ɗaure shi, me ake jira ya zama? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannun ma bai ruɓe ba.

Abokan nan, ban ba ki shawarar ki je ki yi musu tijara ba, zai ƙara tura shi wajensu. Ki dai nuna masa cewa ban da lafiya akwai doka, in jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suka kama su da kayan maye ba za a tambayi wa ya kawo wa ya karɓa ba, karatunsa na iya tafiya a nan. In likita ya ga yana buƙatar hutu, jingine zangon karatu ɗaya ta hanyar da makaranta ta tanada ya fi a kore shi saboda faɗuwa.

In kuma, Allah ya kiyaye, aka sake ganinsa cikin irin wancan hali, a kai shi ɗaki mai shiru, a rage haske da taron mutane, a kawar da wuƙa da makullin babur, mutum ɗaya da ya yarda da shi ya zauna kusa yana faɗa masa cewa yana gida, abin zai wuce. Kada a ɗaure shi, kada a yi masa ihu. In ya fara jijjiga, ko jikinsa ya yi zafi sosai, ko ya suma, ko yana neman ji wa kansa ko wani ciwo, ko amai da gudawa suka taso bayan awanni, a nufi asibiti nan take, a tafi da ragowar abin da ya ci in an samu.

Abu na ƙarshe, wanda nake ganin shi ne tushen. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon yaron nan ya tsage ne ranar da aka binne amininsa. Mu nan in saurayi ya yi rashin aboki, kwana uku ake ce masa ya yi haƙuri, daga nan kowa ya koma harkarsa, ba wanda ke zuwa yi masa ta'aziyya domin ba a lissafa shi cikin masu rashi. Shekara guda ya yi yana haɗiye abin shi kaɗai, har wasu suka zo masa da abin da suka kira magani. Ki sanar da likita wannan, domin ciwon damuwa yana da magani na gaskiya, na sha da na zaman tattaunawa. Ke kuma ranar da kuka zauna, bayan an gama maganar asibiti, ki ambaci sunan marigayin, ki ce ya ba ki labarinsa, yadda suka haɗu, abin da ya fi tunawa da shi. In ya yi kuka ki bar shi ya yi. In ya samu ƙarfi nan gaba, ki raka shi ya gaishe da mahaifiyar yaron, ku yi masa addu'a tare.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyar Umma da Baba, ke kuma ya saka miki da alheri. Ki sake rubuto mini bayan kun dawo daga wurin likita, ina son in ji yadda kuka yi.